Rasuwar Goggo, Majigin Garin Vishnovo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya cike ɗan gurbin da ya rage, Stoimen Varbanov, wanda ya shekara talatin da takwas yana haska fim a gidan al'adu na garin Vishnovo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar majiginsa, wadda kowa ya sani da suna Goggo. Ta cika ranar Litinin, tana da shekara hamsin da ɗaya.

Marigayiya ba ta da girman kai. Duk abin da aka ɗora mata sai ta haska shi da ƙarfinta. In an kunna ta takan yi tari sau biyu, sannan ta kama tar-tar-tar har a tashi.

Alhamis ce ranarta. Ranar ce Stoimen ke zaɓo mafi muni cikin finafinan da sauran garuruwa suka ƙi karɓa: dodon teku da ake hango takalmin mutumin da ke cikinsa, jarumin da aka harbe ya buɗe ido ɗaya ya duba ko an gama ɗauka, ruwan sama da ke zuba kan masoya biyu kawai, bayansu rana na dukan ƙasa. Zaure ya cika, ana ɓarar 'ya'yan kabewa, ana dariya. Nevena mai gidan burodi takan ce wa jarumin daga layi na uku, "Ɗan nan, in za ka mutu ka mutu, na bar wake a wuta."

A nan idon mutanen garin ya buɗe. Wanda ya ga kukan ƙarya sau ɗari, ran da ya ga na gaskiya ba sai an nuna masa ba. Wata Asabar aka kawo fim na kirki, wata mata tana ninke rigar mijinta da ya rasu, minti huɗu ba ta ce uffan ba. Zauren nan mai hayaniya ya yi tsit. Da aka fito, Nevena ta tsaya a ƙofa ta ce, "Kawu Stoimen, wannan matar ba ta san ana kallonta ba."

Ciwon ajali ya zo ne tare da sabon daraktan gidan al'adun, Lachezar Minev, da takardun digirinsa daga babban birni. Alhamis ɗaya ya halarta, bai kai rabi ba ya fice.

"Kawu, wannan ai shara ce," in ji shi. "Kana ɓata wa jama'a ido."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa cin miyar da ba gishiri?"

"Ban taɓa ba."

"To ba ka san aikin gishiri ba."

Darakta ya soke Alhamis, ya kawo wani farin akwatin haska fim na zamani da ba ya ko tari, ya sa aka sauke Goggo ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe makulli. Sau uku Stoimen yana gaya masa in ƙanƙara ta narke ruwa na shiga ɗakin. A na ukun darakta ya ce, "Ƙarfe ce fa, Kawu, ba mura za ta yi ba." A watan Maris ruwa ya kai gwiwa. Sai makon nan aka ba Stoimen makullin. Ya same ta tsatsa ta cinye haƙoranta. Ya goge ta, ya ba ta mai, ya kunna. Ta yi tari sau ɗaya, warin ƙuna ya tashi, shi ke nan.

Yanzu farin akwati finafinan da suka ci lambar yabo kawai yake nunawa. Mutum bakwai ke zuwa, su zauna kamar masu jiran likita. Stoimen ya tambayi Nevena ko na makon jiya ya yi mata. Ta ce, "Ban sani ba, Kawu. An dai ce mai kyau ne." Wannan amsar ta fi tsatsar yi masa ciwo, kuma ba zai yafe ba.

Marigayiya ta bar gwangwanayen fim ɗari biyu da goma sha huɗu, waɗanda ba wanda zai sake buɗewa, da farin ƙyalle mai tabon ruwa, da almakashi, da wani tsoho mai shekara sittin da bakwai da har yanzu bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

Za a ɗauko ta a baro ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, ta babbar ƙofa, ba ta ƙofar baya da darakta ya ba da shawara ba. Za a raka ta tsakar gidan Stoimen, inda za a raba dafaffiyar alkama da giyar inabi kamar yadda al'adar makoki take. A daure kada a makara, don mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da azahar, kuma ba ya jira.

Darakta ya aiko da furanni da katin ta'aziyya. An mayar masa da katin. Furannin kuwa akuyar maƙwabta ta riga ta cinye su, ta karɓi gaisuwar a madadin iyali.