Shelar Baba Tanimu

Wani malamin makaranta ne, Malam Hashimu, ya shekara biyu yana rubuta wasan kwaikwayo na ban tausayi, labarin manomin da ambaliya ta cinye wa gona da gida. Ya karanta wa matarsa, ta yi hawaye. Ya karanta wa kansa, shi ma ya yi. Ana nan sai aka buɗe gasar wasanni ta jiha, ya shigar da nasa a rukunin ban tausayi. Aka ce alƙaliya za ta bi gari-gari, wasan da ya fi sa mutane kuka shi zai wuce babban birni, amma da sharaɗin ɗakin taro ya cika.

Malam ya san mutanen garinsu. Ya je ya sami Baba Tanimu mai shela, ya roƙe shi ya zaga kasuwa da unguwanni, ya yi duk yadda zai yi kujeru su cika.

Ranar Asabar bayan la'asar kuwa, har kan taga mutane ne. Abin da ya ɗaure wa Malam kai, tun ba a ɗaga labule ba ake ta murmushi. Ilu tela, wanda ya fito a manomin, ya shigo ya ce ruwa ya tafi da geronsa, ɗaki ya ɗauki dariya. Ya ce har da akuyarsa, wata tsohuwa ta riƙe ciki. Da aka zo fitowa ta ƙarshe ya dafe ƙirji ya zube matacce, sai aka kaure da tafi ana cewa a sake. Ilu, da bai taɓa samun tafi ba tun da aka haife shi, ya tashi ya karkaɗe riga ya sake mutuwa.

Alƙaliya ta goge idonta da bakin mayafi, ta ce wa Malam gaskiya yana da baiwa, sai dai an rufe rukunin ban dariya tun makon jiya, ya gwada baɗi.

Malam ya tare Baba Tanimu a bakin ƙofa, ya tambaye shi me ya shelanta wa jama'a. Baba ya ce ce musu ya yi kowa ya ɗauro cikinsa da kyau, yau akwai dariya.

"Baba, wasan kuka ne fa. Sau uku na gaya maka."

"Ka gaya min, Malam. Ka kuma ce ɗaki ya cika."

"To, da ba sai ka ce su zo su yi kuka ba?"

Baba Tanimu ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Haba Malam. A shekarar nan wa zai yi wanka, ya sa rigar Juma'a, ya tako har nan neman kuka? Ai kowa ya baro nasa a gida."