Ranar da Na Je Neman Fuskar Wahala

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Maigatari ba. Lokacin ina sabuwar mai ɗaukar hoto, kyamara a wuya, ina ji da kaina. Wata ƙungiya ce ta ba ni aikin gwaji, in ɗauko hotunan matan da rikici ya koro daga ƙauyukansu suka tsallako iyaka da 'ya'yansu. In hotunan sun yi, a ɗauke ni aiki. In ba su yi ba, in koma ɗaukar amare a Gumel (ba raini ba, amma na gaji da cewa "amarya ɗan murmusa").

An ce mini matan suna zaune a gidan wata Hajiya, sai na aika tun Laraba cewa ina tafe. To, kun san mu da hoto. Ina yin sallama na tarar da tsakar gida kamar ranar suna: ga lalle, ga kwalli, ga atamfa, yara an shafe su da mai sai ƙyalli suke. Wata mai suna Zinaru ta gyara ɗaurinta ta ce, "Madam, fara da ni, ko 'yan'uwana sa gani su san ina raye."

Ni kuwa raina ya ɓaci. Wahala na zo nema, wa zai ba ni aiki da hoton 'yan biki? Na ɗan ɗauke su sama-sama don kar su ji haushi, idona yana ta yawo.

Can na hango wata dattijuwa a gindin darbejiya, kan tabarma, zanenta ya koɗe, ba ɗan kunne, ba kwalli, idanu sun faɗa. Na ce a raina, yauwa, ga aikina ya samu. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na durƙusa na hau ɗauka.

"Baba, ɗan kalli ƙasa. Haka. Ki tuna abin da kika rasa."

Ta ɗago ta dube ni, sai hawaye. Allah ya yafe mini, daɗi na ji, har da matsawa kusa. Da na gama, tausayi ya motsa. Na zaro tsohon mayafina daga jaka, na haɗa da guntun burodin da na rage a mota, na ajiye mata a cinya. Na ce, "Baba, ga wannan ba yawa. Allah ya mayar da ku gida lafiya."

Zinaru ta dafe ƙirji ta ce, "Madam! Hajiya ce fa, mai gidan! Takaba take yi, ko arba'in ɗin Alhaji ba a yi ba!"

Jama'a, ni da na ga mahaifiyata ta yi takaba da idona, na san mai takaba ba ta kwalliya. Gidan da nake tsaye a ciki kakan mijinta ya gina shi tun zamanin da Turawa ke shata iyaka. Hatsin rumbunta matan nan suke ci, atamfofin jikinsu ma daga akwatinta suka fito. Ita na ba guntun burodi. Na so ƙasa ta tsage in shige, har da kyamarar.

Hajiya ta share ido, ta ninke mayafin a hankali. Ta ce, "'Yar nan, na gode. Ni kam a gida nake. Amma kin shigo gidan mutuwa ba ki yi mini gaisuwa ba." Sannan ta nuna matan da carbinta. "Waɗancan tun da sassafe suke shiri dominki. Abin da suka rasa ya fi nawa, ba sa son a gan su da shi ne kawai. Je ki ɗauke su yadda suke so."

Na yi ta'aziyya, na goge hotunanta a gabanta, na ɗauki Zinaru da sauran har la'asar. Ƙungiyar ta ce hotunan sun cika fara'a, aikin ya wuce ni.

Tun daga ranar, duk gidan da na shiga sai na durƙusa na gaisa har gwiwata ta yi tsami, na san wane ne wane, kafin kyamara ta fito daga jaka. Kuma ban sake ce wa kowa ya tuna abin da ya rasa ba. Ashe ba wanda ya manta.