Ranar Da Na Naɗe Tabulet A Cikin Sallaya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar kamun 'yar gidan maƙwabtanmu ba, ko da kuwa duk mutanen Gumel za su yi mini alfarma su manta.

Ni mace ce da ba a shigo mini da abu gida ban san cikinsa ba. Ban je boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni, amma ido Allah ya ba ni. Surukata ta sani, jikokina sun sani, kajin gidan ma sun sani. To sai ga ɗana ya dawo daga kasuwar Maigatari da wata waya mai faɗin faranti, wai tabulet, ya miƙa wa jikata Hauwa'u. Wai zanen lalle take yi a ciki, ta nuna wa amare su zaɓa kafin ta zana musu. Zane? Budurwa ta sunkuyar da kai tana murmushi ita kaɗai, a ce mini zane?

Ranar kamun ita ce ranar da za ta fara yi wa amarya lalle da kanta, ba a gindin wata ba. Tana fita Islamiyya da safe na shiga ɗakinta na zaro abin daga ƙarƙashin filo (na daɗe ina kallon yadda take jan yatsa ta buɗe, ba ta san ina kallo ba). Na duba sama, na duba ƙasa, babu saurayi ko ɗaya. Furanni ne da ganyaye. Na ɗan ji haushi, gaskiya. Yatsana ya goga wani farin fili, sai ga layi baƙi wuluk. Na sake gogawa. Kafin in ankara na zauna bakin gado na zana irin zanen da mahaifiyata ke yi wa ƙwarya a Ɗanzomo, tsaf.

Da na gama sai tsoro ya kama ni, na ce bari in goge. Na danna wani ɗan zagaye mai haƙora, na danna nan, na danna can. Kawai sai abin ya juya: komai na hagu ya koma dama, rubutun Nasara ya ɓace, ga Larabci jere reras!

Ni a duniyata ban taɓa ganin wannan rubutu ba sai a Alƙur'ani da allo, ga shi na taɓa ba alwala. Na yi istigfari, na naɗe abin a cikin sallaya, na ɗora can saman sif. Kuma a raina (Allah ya yafe mini) har alfahari nake, wai abin ya shiryu a hannuna.

Hauwa'u ta dawo ta birkice ɗaki. Na kira ta na warware mata gefen sallayar ta leƙa.

"Iya, harshen manhajar kawai kika canza! Ba ni in mayar."

"Ki mayar da me? Ayoyi ne. Ba za a kai su gidan biki ana kiɗa yara na dangwala hannun maiƙo ba."

"Wallahi duk zanen amarya yana ciki. In ban je yanzu ba wata za su kira."

Tana cikin hawaye sai ga gwaggon amarya da ƙawaye sun yi sallama, sun zo tafiya da ita. Maimakon in yi shiru, sai na aika a kira Malam Idi, ƙanin marigayi mijina, wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi. So nake ya tabbatar da maganata a gaban kowa.

Ya zauna a tabarma, ya sa tabarau, na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, gemunsa na rawa.

"Matar yaya, ki gyara zama, ga fassara. Wannan ta farko, ma'anarta buroshi. Ta biyu, magogi. Wannan doguwar kuwa, cewa ta yi, kina so ki ajiye zanenki?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Surukata, wadda ba ta taɓa dariya a gabana ba, ta shige kicin da gudu, ina jin tukwane na kaɗawa. Ni kuwa na kafa wa ƙasa ido.

Malam Idi ya nemo musu inda aka rubuta harshe, Hauwa'u ta danna, komai ya koma mazauninsa. Sai ga zanena ɓaro-ɓaro a fuskar abin.

"Wa ya yi wannan?" in ji gwaggon amarya. Ta karɓa ta matso da shi fuskarta. "Rabona da ganin irinsa tun ƙoren auren uwarmu. Hauwa'u, wannan za ki yi mata a ƙafa."

"Ba nawa ba ne. Na mai bincike ne," in ji ja'irar, tana share hawaye.

Na gyara ɗaurin kallabina na ce, "To a bi layin da kyau, kada a karkace mini kusurwa."

Hauwa'u ta yi lallen, amare na ta kiranta tun daga nan, kuma rabinsu zanen Iya suke tambaya. Na koyi cewa Larabawa ma suna da magogi. Binciken dai ban daina ba, sai dai yanzu a gabanta nake yi, kuma wannan ɗan zagaye mai haƙora ko kallonsa ba na yi.