Fiyanon da Ya Haɗiye Kukan Yaron Nan

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Ladidi, ƙanwar maigidana, ba, kuma ko na so in manta, matan Zoza ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna sai in ga wata ta zunguri ta kusa da ita, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ga mai kiran suna nan ta iso."

Ni 'yar Kafin Dafga ce, aure ya kawo ni Zoza, gidan Mai Unguwa. Maigidana yana aiki a sakatariyar Rogo, ya fita da safe a kan keke sai yamma. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da dawowa daga wankan gida ba, da ɗan farina a baya. Sunan kakansa aka sa masa, wato Baba Mai Unguwa, surukina. Kun ga kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya, ga shi ɗan fari, ga sunan suruki. Mutanen gida Baffa suke ce masa. Ni ko Baffan ba na faɗa, "yaron nan" nake cewa. In yana kuka a gaban Inna, mahaifiyar maigidana, sai in ɗauke kai in ci gaba da tsintar shinkafa kamar ɗan maƙwabta ne, har sai ta ce, "Ke, ɗauke shi ki ba shi ya sha mana." Sannan in ɗauka ina ɓata fuska. (A ciki kuwa duk hankalina yana kansa. Muna shiga ɗaki zan duba shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa, in kara kunne a ƙirjinsa in ji ko numfashin yana tafiya daidai.) Har yabona ake yi a gidan, wai yarinyar nan akwai kunya.

Ranar da zan baro gida, kakata ta damƙa min wata 'yar wuƙa mai ƙotar ice. Ta ce kada in kuskura in bar jariri shi kaɗai a ɗaki ba ƙarfe a gefen kansa, in ba haka ba mutanen ɓoye za su ɗauke shi su ajiye nasu. Na ce, "Iya, to yaya ake gane nasun?" Ta ce, "Da kuka. Kukansu ba irin namu ba ne." Wannan magana ta zauna min a kai daram.

Sai kuma Habu, ƙanin maigidana. Ya yi zaman Kano a shagon masu kaset, ya dawo da fiyano, wani abu mai tsayin zira'i da haƙora farare da baƙaƙe, yana aiki da batir. Lokacin ne waƙoƙin fiyano suka fara yawo a kaset, sai Habu ya rantse shi zai haɗa wa ƙanwarsa Ladidi kiɗan bikinta, irin na birni sak. Akwai wani kaset da ya zo da shi, ya kusa kashe shi da maimaici. Ya kunna, ya tsayar, ya cire ya mayar da zaren baya da biro don kada batir ya ƙare, ya danna haƙoran fiyano, ya girgiza kai, ya sake kunnawa. Shagonsa bango ɗaya ne da ɗakina, don haka ni ma na haddace waƙar ba da son raina ba.

Wata rana ya tare ni a bakin rijiya da rakodarsa a hammata.

"Matarmu, saurara nan. Kin ji wancan na ƙasa, mai dum-dum, wanda kike ji a ciki ba a kunne ba?"

"Na ji ciwon kai dai."

"Shi ake ce wa bas. Shi ne gindin kiɗa. Kiɗan da ba shi kamar miya ce ba daddawa. Na samu mai kukan sarewar nan na sama, har ya fi na kaset ɗin zaƙi. Amma bas ɗin fiyanona siriri ne, kamar sauro ya yi mura."

"To ka kai shi chemis," na ce. Ya ce Yayansa ya auro masa baƙauya, na ce baƙauyar ce ke ba shi tuwo.

Ya so ya yi min bayanin wani maɓalli ja da ke jikin abin, ni kuwa hankalina yana kan wani ƙuda da ke zagaya fuskar yaron nan. Da na saurara da ban ba da wannan labari ba.

Abin da na gani da idona dai shi ne Habu ya fara wasu abubuwa da suka sa na yi zaton ya taɓu. Na gan shi ya zura kai a cikin randar Inna yana cewa "buum", fiyano a bakin randar. Na gan shi yana hura bakin kwalba. Na gan shi yana bin bunsurun gidan a guje da fiyano a hannu, yana roƙonsa ya yi kuka. Da ya nemi mu matan gida mu yi masa amshi, Inna ta ce ba a gidanta za a sa muryar matar aure a kaset ba, sai ya koma shago ya toshe hanci yana yin amshin da kansa, da muryar mata. Na gaya wa maigidana ko za a nemo masa rubutu. Ya yi dariya ya ce in bar shi, sana'a ce.

Ranar wuni gida ya cika da mata, na Rogo, na Karaye, har dangin Inna na Yola. Masu kiɗan ƙwarya sun zauna a gindin darbejiya. Ni an ba ni yankan albasa, kwando guda, ga wuƙaƙen gidan duk suna hannun masu gyaran nama. Inna ta dube ni ta ce, "Ina 'yar wuƙar nan taki mai kaifi? Ɗauko ta."

To ku gaya min, da wane baki zan ce wa uwar miji, a gaban baƙi, wuƙar tana gadin ɗana? Na ce to. Na shiga ɗaki na same shi yana barci, hannu biyu a sama kamar wanda aka kama. Na zare wuƙar a hankali, na ajiye masa cokali a madadinta. (Wai a dabarata shi ma ƙarfe ne.) Na tofa masa addu'a na fito, zuciyata tana can.

Ina cikin yanka na ji ya farka yana kuka. Inna tana gefena tana juya miya, sai na yi kamar ban ji ba, ina jira ta ce in je. Ita kuwa hayaniya ta hana ta ji. Can sai kukan ya tsaya. Na ce alhamdu lillahi, ya koma barci.

Ban gama albasa biyar ba kukan ya dawo. Amma ba kukan da na sani ba. Wani irin gurnani ne mai kauri, a hankali, kamar sa ya faɗa rijiya. Sai ya koma siriri kamar ɗan kyanwa. Sai ya sake nutsewa ƙasa. Yana hawa yana sauka kamar mai taka tsani. Da wani ne zai ce ai ba kukan yaro ba ne wannan. Ni kuwa na gane shi, don yaron nan yana da wata 'yar shaƙuwa da yake yi a ƙarshen kowane kuka, kuma ga ta nan a ƙarshen gurnanin, ita ma ta yi kauri.

Maganar Iya ta faɗo min. Ban san lokacin da na ture kwanon albasa ba. Na banka ƙofar ɗaki. Gado wayam, sai cokali.

Kukan kuma yana fitowa daga cikin bango.

Daga nan ban iya ba da labarin daidai ba, sai yadda aka gaya min. An ce na fito tsakar gida ba ɗankwali, hawayen albasa da na gaske sun haɗu, wuƙa tsirara a hannuna. An ce na tsaya a tsakiyar mata na buɗe murya na kira sunan yaron nan. Ba Baffa ba. Sunan yanka, cikakke, wanda ko Inna da ta yi shekaru a gidan ba ta taɓa furtawa ba. An ce na maimaita har masu ƙwarya suka tsayar da kiɗa. An ce har da cewa, "Ku dawo min da ɗana, ga wuƙar nan na kawo." (Wannan na ƙarshen ina musu, amma shaidun sun yi min yawa.)

Sai daga bakin zaure muka ji an ce, "Na'am."

Baba Mai Unguwa ne tsaye da rawaninsa, yaron nan a kafaɗarsa yana tsotsar carbi. Tsohon ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ce, "'Yata, wanne daga cikinmu ake nema, babban ko ƙaramin?"

Da ina da sauran hankali da a nan na durƙusa. Ina! Na yar da wuƙa na je na karɓe yaron daga hannun surukina ba ko gaisuwa, na rungume shi, na shinshina wuyansa, na buɗe bakinsa, na ƙirga yatsun ƙafarsa, duk a gaban mutanen da na yi watanni ina nuna musu ban san da zamansa ba. Shi ne. Ga ɗan tabon bayan kunnensa, ga ƙamshin man da na shafa masa da safe. Ya kalle ni ya yi min dariya da dasashi. Wallahi sai na zauna a ƙasa daɓas.

Sai gurnanin ya sake tashi, alhali yaro yana hannuna shiru.

Wasu mata suka fara salati suna ja da baya. Sai ga Habu ya leƙo daga shagonsa, fiyano a rungume, baki har kunne, bai san me ake ciki ba.

"Inna, na samu bas," ya ce.

Ashe ya ji kukan ta bango, ya zagayo ya ɗauki yaron don ya rarrashe shi. Kafin ya rarrasa sai dabara ta zo masa, ya kara masa fiyano a baki ya danna jan maɓallin nan. Ashe aikin maɓallin ke nan, duk ƙarar da aka yi a gabansa sai abin ya haɗiye ta ya riƙe. In ka danna haƙoran hagu ta fito da kauri, in ka danna na dama ta fito siririya. Abin da yake nema a randa da bakin bunsuru ke nan. Da ya gama sai ya miƙa wa Baba yaron a zaure ya koma aikinsa.

Ya gwada mana a nan tsakar gida. Ya danna hagu, sa a rijiya. Ya danna dama, ɗan kyanwa. Ya bi su a jere, sai ga dum-dum ɗin waƙar kaset ɗin nan ya fito, har da 'yar shaƙuwar a kan kiɗa. Wata tsohuwa daga Karaye ta ce, "Oh, ni jikar mutum, yaro bai yi haƙori ba ya zama makaɗi." Nan gida ya ɗauki dariya, har da masu salatin ɗazu.

Habu ya dube ni a ƙasa ya ce, "Matarmu, ashe kin san sunansa? Mu duk mun ɗauka ba a gaya miki ba."

A lokacin ne kunyar ta iso. Na ja zanin goyo na rufe kaina da shi, na shige ɗaki da yaron nan, na tura ƙofa. Na yi niyyar ba zan sake fitowa ba sai an yaye shi.

Bayan la'asar Inna ta shigo da kwanon shinkafa. Ta ajiye, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki cokalin nan tana jujjuya shi. Ni kaina a ƙasa, ina jiran faɗa.

"Cokali," ta ce. "Wa ya koya miki wannan?"

Na ƙara jan zani na rufe fuska.

"Da kin ce min wuƙar tana aiki, da na aika maƙwabta." Ta ajiye cokalin. "Lokacin da mijinki yake kamar wannan, a bayan ɗaki nake laɓewa ina leƙensa ta taga, in an zo wucewa in ce kaza nake nema. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba. Ke kin yi naki kin huta. Ci abinci."

Ta ciro wuƙar daga ƙugunta, ta wanke ta tas, ta tura ta ƙarƙashin matashin yaron da hannunta, ta fita.

Da yamma aka sa kaset ɗin Habu a babbar rakoda. Ina jin mata suna rawa suna guɗa a kan kukan ɗana, da amshin Habu mai toshe hanci a samansa. An ce kiɗan ya yi daɗi, har daga Rogo aka zo neman kwafi. Ni dai ina ɗaki, kunnena a ƙirjin mai kukan, yana barci, numfashinsa ƙalau. Ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan ba.

Yaron nan yanzu gudu yake ko'ina, shi ke bin bunsurun. Baba Mai Unguwa kuwa bai yafe ba. Kullum na durƙusa gaishe shi da safe, kafin in buɗe baki sai ya ce, "Na'am, ƙaramin yana waje."

Abin da na koya ba shi da yawa. In ƙanin miji ya tsaya yi miki bayanin jan maɓalli, ki saurara ko da ƙuda yana damun ɗanki. In kuma ihu ya kama ki dole, fara leƙa zaure tukuna. Sunan dai kun ga ban rubuta shi a nan ba. Wanda na faɗa ranar nan ya ishe ni har in tsufa.