Saura Mutum Shida a Tebur

"Lafiya lau nake, angona. Kai ne dai muryarka kamar ta wanda bai karya ba," in ji tsohuwar ta cikin waya.

Ovidio ya jingina da bangon otal yana kallon tekun Punta del Este. Lokacin sanyi ne, bakin ruwan ba kowa sai wani kare. Kwanansa uku a gasar kartar poka. Cikin mutum ɗari huɗu saura shida, an ba su hutun minti goma sha biyar. Sauran biyar ɗin kowa na tsakiyar mata da abokai. Shi kuwa da ya zaro waya, bai ga wanda zai kira ba sai kakarsa Nélida, wadda ta raine shi a Tacuarembó, ta koya masa karta tun bai iya ɗaura takalmi ba.

"Na ci nama har na ture," ya ce. "Kishi kike, 'yar tsohuwa, mijinki ya zama babban mutum."

"Miji ko wahala? Wata bakwai ban ga ƙeyarka ba. Saura kaɗan in kai ƙara a raba auren."

"Wa zai kwashe ki da haƙori uku?"

"Huɗu! Yanzu haka gidan nan cike yake da baƙi. Har Don Atilio mai gidan burodi ma ya zo da furanni. Kai dai faɗa mini, kwandalolin wasa nawa ne a gabanka?"

"Tudu guda. Sai na leƙa ta gefe nake ganin mai raba karta."

"Ƙarya kake. Ka ja hanci kafin ka faɗa. Tun kana shekara shida haka kake yi."

"Ni ne na biyar a yawan kwandala, Kaka. In na zauna jiran karta mai kyau, zubin dole na kowane zagaye zai cinye ni."

"To buɗe kunne, sakarai. Kada ka yi wa mai tudu burga, zai bi ka don nishaɗi kawai. Na ƙarshen ma ƙyale shi, ya riga ya sallama, ba abin da zai tsorata shi. Nemi na tsakiya, mai lafewa yana jiran wani ya faɗi ya matsa gaba. Wannan ko tari ka yi zai zubar da kartarsa."

"Akwai shi kuwa. Wani likitan haƙori daga Rosario, minti-minti sai ya ɗaga kai ya dubi allon kyaututtuka."

"Shi ne abincinka. Kuma ƙarya tun daga zubin farko ake gina ta. Ba sai ka ga ruwa ya kai maka wuya ka tura komai kana zare ido ba."

"Ji shugabar maƙaryata! Shi ya sa fadan coci ke neman matashin kai in kin je furta zunubi."

"Shi ma sau biyu ina cinye shi a karta."

Ovidio ya yi dariya, sannan ya ƙara manna wayar a kunne.

"Kaka, ba ni Don Atilio mu gaisa."

"Ya... ya zaga bayi."

"Baƙin fa? Duk sun raka shi? Tun ɗazu ba abin da nake ji sai agogon bango."

Can sai ta fashe da dariya har da tari.

"Ɗan banza, ka kama ni. Atilio ya koma wurin 'yarsa a Montevideo tun watan Mayu. Daga ni sai buta."

Ovidio ya ɗago daga jikin bangon. "Gobe zan hau motar safe, ko na ci ko an cinye ni."

Daga ciki aka kaɗa ƙararrawar komawa tebur.

"Ka zo ɗin," ta ce. "Wuƙar kakanka mai ƙotar azurfa tana ƙasan akwati. Na yi rantsuwa ba mai taɓa ta sai wanda ya kama ni da ƙarya. Shi marigayin shekara hamsin yana fama, bai dace ba."