Tashar Bensikin Ta Bar Ƙosan Inna Zulaiha

An ɗauke tashar bensikin, wato 'yan acaɓa, daga bakin layinsu a unguwar New Bell, aka kai ta can bayan kwata, ba wanda aka tambaya. Inna Zulaiha mai ƙosai ta wayi gari ƙudaje kaɗai ke zagaya tirenta, don 'yan babur ɗin nan da fasinjojinsu su ne masu cinikinta. Tana zaune ta haɗe rai sai ga jikanta Usaid, ma'aikaci a ofishin da ya yi wannan aika-aika.

"Sannu da aiki, amarya. Hayaƙin nan ya karɓe ki, har kin fara fari."

"Na fasa auren. Mijin da zai kori baƙi daga ƙofar matarsa, ai gara zawarci."

"Wa zai kwashi tsohuwar da haƙoranta suka yi ritaya? Ni ma taimako nake yi."

"Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Duk layin nan ni ake nunawa, wai jikana ne ya zana taswirar."

"Laifina ne? Masu motoci sun ce babura sun toshe hanya. 'Yan babur sun ce sun riga kwalta zuwa. 'Yan kasuwar Mboppi suna son wurin sauke kaya. Muka kira taro, kowa ya zo ya faɗi nasa."

"A ina?"

"Bonamoussadi, can ƙarshen gari."

"Yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Juma'a da azahar."

"Liman na kan mumbari, mazan unguwa na cikin sahu. To wa ya je?"

"Masu motoci sun je."

"Madalla. Kun tara kuraye kun tambaye su inda za a ɗaure akuya."

"An fa liƙa sanarwa, da Faransanci mai kyau."

"Da cokalin tuya zan karanta Faransancin?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙosai, ta doke shi da matsami. "Ka nemi izini. Zan kira taro can nesa a unguwar Kotto ranar Sallah, in ka halarta ka ci."

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. "Na tuba, uwargida. Kin kayar da ni."

Ta juye ragowar ƙosan a leda ta danƙa masa. "Ka kai wa ubangidanka, ya ci ya ji yadda kwantai yake. Ka ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ɗauko kujerarsa ya zo bakin layin nan bayan la'asar, a sake taron da Hausa, a tambaye mu."