Mai Ƙafa Uku na Malam Ɗanladi

"...lafiya lau, ya ƙafa, ya ruwa? To na gaishe ka, Tsoho, taso!"

Atika kenan, tsaye a zauren kakanta a Kurmin Mashi, ido ɗaya a kansa, ɗaya a sama. Ba ta da laifi. Madubin hangen rana da ke jakarta na aro ne, ɗan guntu mai tace haske, kuma da la'asar mai shi zai karɓe. Ɗalibanta mata arba'in na jiranta a Badarawa. Jiya da hannu ta riƙe musu shi, rana ta yi ta tsalle a ciki, ba wadda ta ga komai, har wata ta ce, "Malama, anya kuwa?" Wannan "anya" ce ta hana ta sukuni. Ga hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Malam Ɗanladi, tsohon mai hoto, ya kurɓi shayinsa kamar wanda ba inda za shi.

"Wannan gaisuwa ce ko sammaci? Mace ta zo wurin mijinta ba ko ƙosai?"

"Da wane haƙorin za ka ci? Zaɓi na zo ka yi mini. Ga abin ɗora madubi guda biyu, wanne zan ɗauka?"

Ta kafa su a gabansa. Ɗaya siriri mai sheƙi da ta karɓo gwaji a kasuwa, ɗaya kuma na ƙarfen rodi, aikin Yakubu mai walda na Rafin Guza.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, amarya. Wannan siririn ai ɗan'uwanki ne, ƙafafu kamar na sauro."

"Ai gado na yi. Kowa ya san iska na tasowa ake ɗaure ka a jikin turmi."

"Ni? Ni da na taɓa kayar da sa da hannu ɗaya, ɗayan hannun ina ɗaukarsa hoto?"

"Shi ya sa duk hotunanka ba kai. Hoton bikin Inna har yau kafaɗu muke gaisarwa. Tsoho, don Allah, hadari!"

"Sauri ya haifi nawa. Miƙo siririn."

Ya cika kofi da shayi fal har baki, ya ɗora a kansa, ya ce ta taka ƙasa da ƙarfi. Ta buga ƙafa sau ɗaya. Shayi ya yi tsalle ya wanke mata gefen hijabi.

"Kin gani? Mutum ɗaya kenan, mara nauyi ma. Ina ga yara arba'in suna turereniya?"

"To na ƙarfen fa? Wannan ko giwa ta taka ba zai motsa ba."

"Ɗaga shi ki kai bakin titi."

"Mu biyu muka sauke shi da mai Keke."

"To juya kansa ki bi rana."

Ta murɗa, ta sake murɗawa. Yakubu ya yi aiki tsakani da Allah, ya liƙe kan ƙam.

"Madalla. Sai ki aika wa rana ta tsaya wuri ɗaya, jikar Ɗanladi za ta duba ta."

 Atika ta leƙa waje, hasken ya fara dusashewa. Sai idonta ya sauka a bayan ƙofa, inda tsohon mai ƙafa uku na katako, abin ɗora kyamararsa, yake jingine, naɗe da ɗaurin tsumma, wanda ko jikoki maza ba sa taɓawa.

"Angona..."

"A'a! Yanzu na zama ango? Ɗazu sauro ne ni."

"Ai da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar ta ƙare. Wancan ya girmi ubanki. Ya fi ki kunya, ya fi ki ladabi, inda na ajiye shi nan nake samunsa."

"Gara ta cinye shi dai, kake rufa masa asiri."

"Gara? Ɗauko shi, mara kunya!"

Abin da take jira kenan. Ta ware ƙafafun, ya ɗora kofi, ta yi ta dirar ƙafa kamar mai kashe kunama. Ko ɗigo bai zuba ba. Kan yana juyawa sumul, ƙusar da ke kansa ta shige gindin madubin daidai, kuma da ta naɗe shi sai ga shi ya zauna a kafaɗarta.

"Na gode, na tafi!"

"Ajiye. Ba ya fita sai da mai shi."

"Tsoho, makarantar 'yan mata ce, kada ka firgita mini yara."

"Kishi dai. Kuma ni zan fara leƙawa."

"Da wane idon? Jiya fa akuya ka yi wa sallama."

 Ya ɗauki hularsa yana juya ta a hannu.

"Shi ya sa. Shekara arba'in ina aiki da ranar nan, Atika, kullum ina juya mata baya don hoton mutane ya yi kyau. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Likita ya ce yanar idon nan gaba take yi."

Tausayi ya kama Atika. Ta durƙusa ta jawo masa takalmansa.

"To ka ci. Kai ne na ɗaya a layi. Amma in rana ta gan ka ta ɓuya, ba ruwana."

Ya tuntsire da dariya, ya kama hannunta ya miƙe.

"Tsayar da Keke, sauro. Na bar miki mai ƙafa ukun, in mun dawo kada ki mayar bayan ƙofa."